Karan Ɗorin Zinariya

Zango, Wagadugu
Ranar Lahadi

Zuwa ga Yayata Rakiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Alhaji Abduljalil da yara baki ɗaya. Yaya ruwan Kumasi? Yaya ciwon bayan da ya matsa miki tun haihuwar Su'ada? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan sai godiya.

Na san za ki yi mamakin karɓar takarda daga hannun Hamadu direba, alhali kusan kullum muna magana a waya. Dalilin Baba ne. Tun da aka sallamo shi daga lopital, wato asibiti, ya ce ɗaki ya ishe shi, muka shimfiɗa masa katifa a baranda, kuma kin san kunnensa. Ko ɗakin girki na shige da waya, ina fitowa sai ya tambaye ni me na ce miki. Shi ya sa duk lokacin da kika kira ba kya jin komai a bakina sai da sauƙi, da sauƙi. To ga zancen yadda yake.

Kin ji cewa moto ne ya faɗo masa, amma ba ki ji yadda aka yi ba. An kwana ana ruwa, tsakar gida ta yi santsi. Ya turo tsohon babur ɗin nan nasa, mobilet, da muka gaji da roƙonsa ya daina hawa, sai Zinariya ta gilma ta gaban taya. Kin tuna ta, jar kazar nan mai farin gashi ɗaya a fiffike, jikar kazar da Inna ta rasu ta bari. Ya karkata moton don kada ya taka ta, ƙafarsa ta zame, suka zube su uku, shi da moto da kaza. Shi ƙashin cinya ya karye, ita kuma ƙafa, ƙasa da gwiwa kaɗan. Dukansu ta hagu.

An yi masa aiki an sa ƙarfe, kuma likita ya ce aikin ya yi kyau. Amma ya ja ni gefe ya ja mini kunne. Ya ce in lokacin takawa ya yi Baba bai taka ba, a shekarunsa ƙafar za ta shanye, kuma tsohon da ya saba da kwanciya ba kasafai yake tashi ba. Wannan maganar ce ban iya faɗa miki a waya ba, ita ce kuma nake kwana nake tashi da ita.

Ranar da abin ya faru babu wanda ya tuna da kaza. Sai da muka dawo gida da la'asar, ni da Sagiru, muka same ta a bayan randa ta lafe, ƙafar na reto. Ƙanen naki bai yi wata-wata ba ya ɗauko wuƙa, ya ce a yanka tun da ranta kafin ta zama mushe a yi asara biyu. Ni ma ban hana shi ba, hankalina yana lopital. Har ya taka fikafikanta ya fuskanci gabas, sai ga Yaba Salamata ta shigo jin jikin Baba, tsohuwar Mosin nan mai sayar da zomkom, ruwan gero mai sanyi, a bakin layinmu, ƙawar Inna.

Ta riƙe hannun Sagiru tana yi masa faɗa da More, yarensu na Mosi. Ta ce a ƙauyensu, in mutum ya karye, mai ɗori yakan karya ƙafar kaza da gangan, ya ɗora su tare, ya yi jinyarsu tare. Ranar da kaza ta taka, ranar mutum zai taka. Ta ce mu ga shi Allah ya hutar da mu ya karya mana da kansa, muna neman mu yanke. Sagiru ya ajiye wuƙar.

Nan take ta aike ni neman kara. Ina kara a Zango yanzu? Sai na zaro tsinke biyu masu kauri daga tsohon asabarin ɗakin Inna, na ciro auduga daga matashin kai, na yago ƙyalle daga ragowar atamfar da nake ɗinka wa wata mata. Muka wanke ciwon da ruwan ɗumi da gishiri. Ni na riƙe kazar a ƙirjina, Yaba ta ja ƙafar a hankali har ƙashin ya koma mazauninsa. Zinariya ta yi ƙara ɗaya ta yi shiru. Yaba ta shafa man kaɗe, ta naɗa auduga, ta jera karan a gefe da gefe ta ɗaure. Muka kife ta da kwando a inuwa.

Da Baba ya dawo ya ga kaza da ɗaurin atamfa a ƙafa, ya tambaya, Sagiru da bakinsa da ba ya riƙe magana ya kwashe duka ya faɗa masa. Yaya, kin san Baba da irin wannan. Daga kwance ya yi mana wa'azi, cewa camfi ne, cuta da lafiya a hannun Allah suke ba a ƙafar kaza ba, kuma bai kwashe shekaru yana karantar da 'ya'yan mutane don a zo a kafa masa wannan a tsakar gidansa ba. Ya ce a yanka a yi masa romo. Sagiru ya sake ɗauko wuƙa. Yana cikin wasa ta a bakin dutse sai Baba ya ce yau bakinsa ba ya son nama, a bari sai gobe. Goben ce har yanzu ba ta zo ba.

Ni ban gaskata zancen Yaba ba, ban kuma ƙaryata ta a kan idonta ba. Abin da na sani, na riƙe kazar nan ina jin bugun zuciyarta a tafin hannuna, ba zan so a yanka ta ba.

Goron da kika aiko ya iso, an raba wa masu zuwa dubiya. Ki gaida Alhaji, ki shafa mini kan yara. In za ki ba da amsa ki ba Hamadu a hannu, ki ce tawa ce.

Wassalam,
ƙanwarki Fa'iza

Zango, Wagadugu
Ranar Alhamis

Zuwa ga Yaya Rakiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida mutanen gidanki, da fatan wannan takarda za ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Taki ta iso tare da man zafin, Allah ya saka da alheri. Kin ce in daina ɓata takarda kan kaza in ba ki labarin Baba. Ki yi haƙuri, a gidan nan yanzu ba a raba labaran biyu.

Na kusa kashe ƙafar Zinariya da hannuna. Ɗaurin Yaba ya yi datti, na ga kamar ya saki, sai na kwance na sake nawa. Hannun tela kuma, ya saba da matse ɗinki. Da gari ya waye na tarar yatsunta sun kumbura sun yi baƙi, na taɓa na ji su da sanyi. Ko mayafi ban tsaya nema ba na ruga bakin layi. Yaba ta bar tulun zomkom ɗinta a hannun mai shago ta biyo ni, ta yanke ƙyallen da reza tana zagina da More da Hausa. Ta ce ɗaurin ƙashi ba ɗaurin zane ba ne, in tsinken tsintsiya bai shiga ƙarƙashinsa ba to ya matse. Muka tsoma ƙafar a ruwan ɗumi, muka yi ta murzawa da man kaɗe har jini ya dawo. Yatsa uku sun farfaɗo. Na gefe ɗaya ya bushe, daga baya ya faɗi.

Duk wannan a gaban Baba aka yi shi. Ranar bai ci tuwo ba, ya ce ba ya jin yunwa. Washegari da Zinariya ta fara tsattsagar tsaki, ya ce a ɗumama masa na jiya.

Kwandon ma bai yi ba. Tana kwance a gefe ɗaya tana ɓata jikinta, sauran kajin kuma suna zuwa suna saran ƙoronta ta ramukan kwandon, don kaji ba su da tausayin mara lafiya. Sai na yi dabara. Na ɗinka ƙyalle mai ƙarfi, na huda rami biyu na ƙafafu da ɗaya na wajen wutsiya, na shimfiɗa shi a bakin kwali na ɗaure gefunan. Tana zaune a ciki a rataye, ƙafafun na taɓa ƙasa kaɗan, ga gwangwanin ruwa ga na abinci a gabanta. Sagiru yana kiranta Hajiya a kujerar jirgi. Ina ba ta tsaki da dusa da dakakken ɓawon ƙwai, Yaba kuma takan sa a kawo mata gara a tukunya daga wajen danginta a bayan gari. Wallahi kazar nan ta fi ni cin daɗi.

Yanzu ga na Baba, kuma ba mai daɗi ba ne. Likita ya ba da izinin takawa, aka haɗa mu da wani mai suna Zailani, cikin masu koya wa masu karaya tafiya, kine suke ce musu. Mutumin kirki, ɗan unguwar Wemtenga. Ya zo da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu. Rashin sa'a, ranar farko ta zo daidai da zuwan dattawan masallaci dubiya bayan azahar. Zailani ya ce a bari su tafi, Baba ya ce a'a, a gabansu zai tashi. Ya miƙe kuwa, amma da ya ɗora nauyi ƙafar ta lanƙwashe, ya tafi baya, Sagiru ya tare shi suka zube tare a kan katifa, hularsa ta gangara har gaban baƙi. Ɗaya daga cikinsu ya ɗauko hular ya kakkaɓe, ya ce Malam a yi haƙuri a bar wa Allah, shekaru sun ja.

Zailani ya duba ya ce babu abin da ya taɓu, ƙafar ce ta manta aiki, kowa haka yake farawa. Baba bai saurare shi ba. Tun ranar bai ƙara taɓa ƙarfen ba. In Zailani ya zo sai ya ce yau jijiya na ja, gobe ya ce kansa na juyawa. Yana salla a zaune, ni nake kawo masa buta da roba har kan katifa. Ƙarfen yana jingine da ginshiƙi, mun fara shanya tawul a kansa.

Shekaranjiya ya kira Sagiru ya ba shi takalmansa duka, har da na fatar nan da kika kawo masa daga Kumasi, wanda ba ya sawa sai Juma'a. Ya ce ƙafarsu ɗaya, kada su bushe a banza. Yaya, wannan ya fi faɗuwar tayar mini da hankali. Na shiga ɗaki na zauna a bayan keken ɗinki na yi kuka, ina taka keken don kada ya ji.

Zancen kaza kuwa, har yau bai taɓa tambayar jikinta da bakinsa ba. Sai dai ya ce kwalin nan yana tare wa mutane hanya, a matso da shi nan kusa da katifarsa. Na matso da shi.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaida Alhaji da yara, Sagiru yana gaishe ki.

Taki har kullum,
Fa'iza

Zango, Wagadugu
Ranar Talata

Yayata Rakiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kun wuni lafiya, ya jikin Su'ada da haƙoran da take fitarwa? Allah ya raya mana ita. Hamadu yana sauri yau, an gama yi masa lodin albasa, don haka ba zan tsawaita ba.

Shawararki ta ba ni dariya har Baba ya ɗaga murya yana tambayar abin da na samu. Wai in je kasuwa in sayo jar kaza mai lafiya in sake ta a tsakar gida, ya ga tana tafiya ya tashi. Yaya, kin daɗe ba ki zo gida ba. Ina zan samo mai farin gashi ɗaya a fiffike da yatsa uku a ƙafar hagu? Mutumin da yake wuni yana kallonta, har na taɓa jin yana yi mata magana ƙasa-ƙasa? Kuma in ya gane mun yaudare shi, ba zai ƙara yarda da maganar kowa ba, har ta likita. Na san tsoro ne ya sa ki faɗa, ni ma shi nake ji.

An kwance wa Zinariya kara. Yaba ta lalluba ƙafar da yatsunta ta ce ƙashi ya kama, har ya yi ɗan ƙulli a wurin. Muka sauke ta ƙasa muna jira, sai ta tsaya da ƙafa ɗaya ta naɗe ta hagun a cikin gashi. Aka taɓa ta, ta kwanta. Haka take yi tun ranar. Baba yana kallo, na ga fuskarsa ta canza, ya juya ya fuskanci bango. A satin nan aka sake yi masa radiyo, hoton ƙashi, shi ma an ce ƙashinsa ya kama sarai. Zailani ya faɗa mini a ƙofar gida cewa ba zai ci gaba da zuwa shan shayi ba, in kira shi ranar da Malam ya shirya.

Jiya Yaba ta zo ta zauna ta daɗe tana kallon kazar, sannan ta ce babu abin da ke damunta sai gata. Abinci na zuwa har baki, me za ta taka ta nema? Na ce ai na rage mata. Ta ce in ɗaga gefen katifar Baba in gani. Na ɗaga, sai ga ɓarɓashin burodi da ƙwayoyin shinkafa. Ashe duk abin da na kawo masa sai ya raba da ita, a tafin hannunsa take ci.

Yaba ta ce a fitar da ita daga kwali, a kai ta can ƙarshen gida gindin dogon yaro kusa da famfo, a ajiye mata ruwa a kusa, a watsa tsaki nesa da ita, kada kowa ya matso mata da shi. Yunwa za ta sauke ƙafar.

Da na faɗa wa Baba, ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce zaluntar dabba ne, Allah zai tambaye ni. Na ce in ta zauna haka ƙafar za ta shanye, gara ta ji yunwar yini. Ya gane inda maganar ta nufa, ni ma na san ya gane. Ya ce ni mai busasshiyar zuciya ce, da Inna na da rai ba za ta yi haka ba. Wannan ta shige ni, ban ɓoye miki ba. Amma na san Inna, da ita ce da tuni ta yi.

Gobe da safe zan kai ta. Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Fa'iza

Zango, Wagadugu
Ranar Asabar

Zuwa ga Yaya Rakiya, abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Gaisuwa mai tarin yawa gare ki da Alhaji Abduljalil da yara. Ina fata kuna lafiya kamar yadda muke a nan. Na san Sagiru ya riga ni a waya, amma shi ba ya gida aka yi, kuma rabin abin da ya faɗa miki ƙari ne. Ni na gani da idona.

Na kai Zinariya gindin dogon yaro kamar yadda Yaba ta ce, na kulle sauran kajin a akurki don kada su cinye tsakin. Ranar farko ta wuni a kwance tana kallon abincin. Sau ɗaya ta yunƙura da fikafikai, ta kife a kan ƙirji, ta koma ta lafe. Baba ya ce wa Sagiru ya matsa mata da tsakin. Sagiru ya dube shi, ya dube ni, ya ce ana jiransa a shago. Da yamma na ba ta ɗan abin da zai riƙe ta na mai da ita kwali, Baba kuwa bai amsa mini gaisuwar sai da safe ba.

Washegari na sake kai ta. Da hantsi gidan ba kowa, Sagiru na shago, Yaba na bakin layi, ni ina ɗaki kan keke ina haɗa rigar wata mata. Baba ya kira ni. Na san abin da zai ce, na amsa da ina zuwa, ban je ba. Ya sake kira, ya kuma sakewa. Tun da aka haife ni ban taɓa barin Baba ya kira ni haka ban tashi ba, amma na ci gaba da taka keke. Can sai ya daina kira.

Ina tsayar da keken don in sauya zare sai na ji ƙarar ƙarfe a kan siminti. Na ɗaga labule kaɗan. Tawul ɗin yana ƙasa. Baba ya kama ginshiƙi ya ja jikinsa ya miƙe, hannu biyu a kan ƙarfen, ba takalmi, ba hula. Ya tura ƙarfen gaba, ya ja ƙafar dama, sannan ya tsaya yana kallon ta hagun. Ya ɗora ta. Na ga bakinsa yana motsi, na san bisimilla yake yi.

Yaya, ban yi wannan da niyya ba, Allah ya sani. Na nisanta kazar ne don kada ya ba ta abinci, ban taɓa kawowa zai bi ta ba. Raina ya ce in ruga in riƙe shi, sai na tuna ranar dattawan masallaci, na kama kan keken da hannu biyu na zauna. In ya faɗi laifina ne, in na fita kuma zai koma ya kwanta.

Ya sauka daga baranda, wanda shi ne abin da na fi tsoro. Ya ci gaba, yana turawa yana tsayawa, gumi ya jiƙa masa bayan riga. Da ya kai wajen igiyar shanya, tsakiyar gida, ƙarfinsa ya ƙare. Ƙafar na karkarwa, ba gaba ba baya. Sai ya sa hannu a aljihu ya ciro burodin karin kumallonsa, ashe bai ci ba, ya kira ta irin kiran da Inna take yi wa kaji, kur-kur-kur. Ban san ya iya ba.

Zinariya ta ɗaga kai. Ta miƙe da ƙafa ɗaya, ta miƙa wuya, ta ga ba za ta kai ba. Ta sauke ta hagun ta taɓa ƙasa, ta janye, ta sake saukewa. Sai ga ta tana tahowa tana ɗingishi, tana taimaka wa kanta da fiffike, har gabansa. Bai iya sunkuyawa ba, ya marmasa burodin ya zuba a kan ƙafafunsa, tana tsattsaga a tsakanin yatsunsa.

A nan na fito da kujera na ajiye a bayansa, ya zauna yana haki. Na kawo ruwa ya sha. Bai dube ni ba ya ce: "Kada ki je ki ce wa tsohuwar nan maganarta ta tabbata. Dabba ce take jin yunwa a gidana."

Na ce to. Ban faɗa mata ba, amma kafin la'asar ta ji, ta shigo da kwanon zomkom cike ta ce kyauta ne. Baba ya ce mata ta lura da kyau, shi ya riga kazar takawa, don haka al'adar ƙauyensu ta faɗi. Ta ce ita ba ta zo musu ba, ya sha kafin sanyinsa ya tafi. Ya shanye.

Na kira Zailani ya dawo, yanzu har faɗa suke yi don Baba yana son wuce abin da aka ce ya yi. Da kansa yake zuwa famfo alwala, na daina kai buta baranda. Kada in yi miki ƙarya, yana jin zafi, dare wani lokaci sai na shafa masa man da kika aiko, kuma ƙafar hagun ta ɗan gajarta, likita ya ce ɗingishin ba zai tafi duka ba. Na Zinariya ma haka. Ta koma cikin 'yan uwanta, ta rama saran da suka yi mata, amma ta fi son bin Baba. Masallaci bai kai ba tukuna, ya ce ba zai je da ƙarfe mai ƙafa huɗu ba, sai ya koma sanda. Maganar busasshiyar zuciya bai janye ta ba, ni ma ban tayar ba. Jiya dai ya ce tuwona ya fara kama da na Inna.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Da safen nan ya kira Sagiru ya ce ya dawo masa da takalmansa. Sagiru ya ce ai kyauta aka ba shi, Baba ya ce aro ne. Da aka kawo su, na fatar nan naki ya sha taɓon damina da birkin moto, bakinsa ya buɗe, ba ya ko gyaruwa. Faɗan da aka yi sai da maƙwabta suka leƙo.

Don Allah ki koma wurin mutumin da kika saya masa wancan, ki sa a yi masa irinsa, baƙi, a ƙara wa na hagun tsayin dunduniya kamar kaurin yatsa. Ki ba Hamadu in zai juyo. Ki gaida Alhaji, ki gaida yara, Yaba Salamata tana gaishe ki, Baba ya ce Allah ya yi miki albarka.

Ki juya bayan takardar nan za ki ga awon. Na shimfiɗa ta a ƙasa ya taka, na zagaye ƙafar da biro. In kin ga layin ya karkace, hannuna ne ya yi rawa. Shi a tsaye yake.

Wassalam,
ƙanwarki mai ƙaunarki,
Fa'iza